Inna Ta Ce Masa Ina Hanya

A Ingila aka haife ni a 1965, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta tura mahaifina ƙaro ilmin koyarwa. Ina da shekara uku muka koma Zariya, don haka ban tashi da sanin komai na Ingila ba, sai takardar haihuwa da Malam, wato mahaifina, ya adana a akwatin ƙarfe tare da takardun gida. A wancan zamani duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai a 1983 aka sauya dokar. Takardar nan ce daga baya ta ba ni damar buga wa wata gundumar Ingila wasan kurket, ba a matsayin baƙo ba.

A makarantar kwana na fara riƙe ƙwallon. Kurket ba sabon abu ba ne a Arewa, tun zamanin Kwalejin Katsina ake buga shi, amma a lokacinmu ya fara ja da baya, ƙwallon ƙafa ta kwashe yara. Wani malamin lissafi ɗan Pakistan ne ya riƙe mu. Muna shimfiɗa doguwar tabarmar igiya a kan jar ƙasa, mu kafa sanduna uku a kowane ƙarshe, tsakaninsu yadi 22. Ƙwallon ja ce, fata ce aka ɗinke a kan ƙwarya mai tauri, nauyinta bai wuce giram 160 da 'yan kai ba, amma idan ta sami yatsa da sanyin hunturu sai ka ga taurari da rana. Ni dogo ne siriri, sai malamin ya ce jifa zan yi. Ya koya mini yadda ake ɗora yatsu biyu a kan ɗinkin, a goge gefe ɗaya a jikin wando har ya yi sheƙi, a bar ɗayan da kaushi, don ƙwallon ta karkace a iska kafin ta isa wurin mai duka. Ranar da na fara ganin ta karkace da kanta ta tumɓuke sandar tsakiya, ban iya cin abincin dare ba don murna.

Malam bai taɓa hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wasa ba laifi ba ne, amma ka san wa'adinsa."

A 1985 na koma Ingila karatun akanta. Shekarar da ta gabata ce 'yan wasan tsibiran Karebiyan suka zo suka lallasa Ingila wasa biyar ba ko ɗaya, don haka duk baƙar fata dogo da ya shiga filin kurket sai a zuba masa ido, ana tsammanin wani Malcolm Marshall ne, shahararren mai jifansu. Ni ban kai ko ƙurarsa ba wajen gudun jifa, amma iskar Ingila mai laima da ciyawarta sun dace da hannuna fiye da jar ƙasar Zariya. Na shiga kulob ɗin garin da nake, wani gari a gabashin ƙasar, yankin noma, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Azumin 1987 a watan Mayu ya faɗo, muna kai fiye da awa 17 ba ci ba sha, kuma na yi jifa a cikinsa kowace Asabar. A bayan rumfar mai gyaran fili nake sallah, kusa da injin yankan ciyawa. Akwai wata tsohuwa da ke haɗa mana shayin la'asar, da ta lura ba na taɓa burodin da aka sa naman alade, ba ta tambaye ni komai ba, sai ta riƙa ware mini na ƙwai a faranti daban ta rufe da tsumma. Da azumi kuma ta naɗe mini shi in tafi da shi gida. Shekara bakwai tana yin haka. Ba zan manta da ita ba.

Ya kamata in bayyana yadda abin yake, don wanda bai san tsarin ba zai ɗauka duk mai buga wa gunduma attajiri ne. A lokacin manyan gundumomi 17 ne ke da ƙwararrun 'yan wasa masu albashi, sai a 1992 Daram ta zama ta 18. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan gundumomi, masu gasarsu tun 1895, an raba su gabas da yamma. A nan mafi yawanmu 'yan sa-kai ne: malaman makaranta, manoma, ma'aikatan banki, mai gyaran famfo. Ana ɗauko ƙwararre ɗaya ko biyu da suka gama da manyan gundumomi a biya su, sauranmu kuɗin mai da na masauki kawai ake mayar mana. Da can, kafin a soke bambancin a ƙarshen 1962, ɗan sa-kai shi ne babba a kurket ɗin Ingila. 'Ya'yan masu hali ne da ba sa bukatar albashi, ɗakin sauya kayansu daban, a wasu filayen ma ƙofar shigarsu daban, kuma kusan kullum su ne kyaftin. Sai a 1952 aka naɗa Len Hutton, mai cin albashi, ya jagoranci Ingila. Mu da muka zo daga baya sunan kawai muka gada. Ba mu da gonakin gado da za su ciyar da mu. Abin da muke biyan wasan da shi shi ne hutunmu na shekara.

Wannan hutun shi ne tushen labarina. A kamfanin sayar da injinan noma da na sami aiki, kwana 20 nake da su a shekara. Gasar gunduma wasa tara ce, kowanne kwana biyu, yawancinsu a ranakun aiki, ban da wasannin kofi da ranakun tafiya. Idan ka buga duka, babu abin da zai rage maka. A Disambar 1988 na je gida aka ɗaura mini aure, na taho da amaryata. A bazarar 1989 wasiƙa ta zo cewa an zaɓe ni in buga wa gunduma. Aka ba ni hula mai tambari. Na tsaya gaban madubi da ita a kaina, ina jin wani abu da ban taɓa ji ba: ni, ɗan Zariya, wanda a mashayar kulob ake gajarta sunansa zuwa wani abin da ba nasa ba, yau sunana cikakke zai fito a jaridar gari.

Tun daga nan ban sake taka Najeriya ba har sama da shekara uku. Kowace shekara sai in ce baɗi. Malam ba ya son waya, kaset yake aiko mini ta hannun matafiya. Ya yi sallama, ya ba ni labarin damina da farashin hatsi da wanda ya rasu a unguwa, sannan a ƙarshe ya ce, "To, ɗan nan, idan Allah ya ba ka sarari ka leƙo mu." Bai taɓa cewa fiye da haka ba. Ni kuma ina aika kuɗi, ina ganin na sauke nauyi. Da muka sami ɗiyarmu ta fari a 1990, hoto kawai ya gani.

Babban burin duk ɗan ƙaramar gunduma a lokacin shi ne kofin NatWest. A zagayen farko, ƙarshen watan Yuni, ana haɗa ƙananan gundumomi da manya, wasan yini ɗaya, kowane ɓangare zagayen jifa 60, kowane zagaye ƙwallo shida. Rana ɗaya ce a shekara da malamin makaranta zai yi wa ɗan wasan ƙasa jifa. Kuma akan yi abin mamaki jefi-jefi: Daram, tun tana ƙarama, ta doke babbar gundumar Yokshaya a 1973, Shurofshaya ma ta doke Yokshaya a 1984. Labaran nan muke ci muke sha. Ba kowace shekara gundumarmu ke samun shiga ba, a 1992 ta samu, kuma aka sa sunana cikin 'yan wasa 11 da za su buga.

Ranar Juma'a kafin wasan, yayana ya kira daga ofishinsu, don a gida babu waya. Layin yana yankewa. Ya ce, "Malam yana jin jiki sosai. Tun Talata bai ci abinci ba. In da hali ka taho."

Na ce, "Yaya, an kai shi asibiti?"

Ya ce, "An kai, an dawo da shi. Ka gane abin da nake nufi."

Na gane. Wannan ne abin da na shafe shekaru ina ɓoye wa kaina. Na riƙa cewa ban fahimci tsananin ba, layin ba kyau, Yaya bai fito fili ba. Ƙarya ce. Bahaushe ba ya cewa "an dawo da shi gida" ka kasa ganewa. Na kira mai sayar da tikiti, ya ce akwai kujera a jirgin Kano ranar Lahadi, akwai kuma ranar Alhamis. Wasan ranar Laraba ne. Na riƙe kan wayar na ɗan lokaci, sannan na ce ya ba ni ta Alhamis.

Matata tana tsaye da goyo tana ji. Ta ce, "Maigida, Lahadi fa ya ce akwai." Na ce kwana huɗu ne kawai bambancin, Malam mutum ne mai ƙarfi, ya sha tashi daga irin wannan. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa." Ba ta ƙara magana ba.

A cikin kwanakin nan huɗu na yi ta lissafi da zuciyata kamar mai ciniki. In na janye, wani zai hau gurbina, kuma watakila ba zan sake samun irin wannan rana ba. Akwai kuma wani buri da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina da shekara 27, ina ganin idan na yi abin kirki a gaban manya, wata babbar gunduma za ta kira ni gwaji. Duk mai hankali ya san a wannan shekarun an wuce wurin. Amma mai buri ba ya lissafi da shekaru.

Ranar Laraba gari ya waye da gajimare, irin yanayin da mai jifa irina ke roƙo. An kafa tantuna, mutane sun cika filin da bai saba ganin fiye da 'yan tsofaffi da karnukansu ba. Ƙarfe goma da rabi aka fara, mu ne da jifa. A zagayena na huɗu na saki wata ƙwallo da ta fita waje kamar za ta wuce, sannan ta lanƙwaso ciki ta sami ƙafar mai dukan a gaban sanduna. Mutum ne da na sha gani a talabijin. Alƙali ya ɗaga yatsa, alamar na fitar da shi. Abokan wasana suka rufe ni, filin ya ɗauki sowa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji ba.

Da aka tashi cin abincin rana, sakataren kulob ya ja ni gefe ya ce matata tana kan waya a ofis. Ta yi sallama, muryarta a dushe. Ta ce, "Maigida, sai haƙuri. Malam ya cika da asuba. Yaya ya kira, ya ce ƙarfe goma da rabi za a kai shi."

Da bazara agogon Ingila da na Najeriya ɗaya ne. Wato a daidai lokacin da nake ƙidaya takuna ina sa alama a ciyawa don fara gudu, a lokacin ake ɗaukar makarar mahaifina daga ƙofar gida. Na yi salati, na ajiye wayar, na zauna a kan wani akwatin ƙwallaye. Kyaftin ɗinmu, manomi ne mai kirki, ya shigo ya dafa kafaɗata ya ce in tafi gida, ba wanda zai ga laifina.

Ban tafi ba. Saura mini zagaye biyar cikin 12 da aka yarda wa kowane mai jifa, na koma na jefa su. Har yau ban gama sanin dalili ba. Wani lokaci in ce an riga an binne shi, tafiyata ba za ta canza komai ba. Wani lokaci in ce tsoro ne, don na san da zarar na fita daga filin nan zan haɗu da abin da na aikata. Ban tuna ko ƙwallo ɗaya daga cikin 30 ɗin ba. An cinye mu da rata mai yawa. Washegari jarida ta sa sunana a layi ɗaya, na gan shi a filin jirgi.

Na isa Zariya ana zaman makoki, damina ta sauka, tabarmi a jiƙe. Dattawa suka yi mini gaisuwa yadda aka saba, ba wanda ya ce mini komai, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Yaya ya kai ni maƙabarta ya nuna mini tudun ƙasar da ruwa ya fara kwantar da shi. Sai bayan addu'ar uku na sami keɓewa da mahaifiyata a ɗakinta. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Tana jan carbi, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sau biyu ya tambaye ka. Ranar Lahadi da ranar Litinin. Na ce masa kana hanya."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai a kanka. Tashi, na yafe maka. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da ta zage ni ko ta kore ni, da na fi samun sauƙi. Shekara 33 ke nan, kuma babu ranar Lahadin da za ta wuce ban ji wannan magana ba.

Mutum zai zaci daga nan na bar kurket. Ban bari ba. Na koma na ƙara ƙaimi, ina jifa da fushi, kamar idan na yi nisa a wasan zai zama abin da na sadaukar bai tafi a banza ba. A 1993 bayana ya fara ciwo daga ƙasa, gefen hagu. Na ɓoye, ina shan magani kafin wasa, don ɗan sa-kai ya san akwai yaro ɗan shekara 19 da ke jiran gurbinsa. A Yulin 1994 na saki ƙwallo na faɗi a wurin, na kasa tashi. Hoto ya nuna tsagewa a ƙashin baya, ciwon da ya zama ruwan dare ga masu jifa da gudu, saboda murɗawar da jiki ke yi a kowane jifa. Ƙwararre yana da likitan kulob, albashinsa na tafiya, kuma idan ya daɗe akan ware masa shekara guda a tara masa kuɗin sallama. Ni wata biyu na yi a kwance, ƙarin girman da nake jira a wurin aiki ya wuce ni, matata mai tsohon ciki ita ke ɗaga ni zuwa banɗaki. Da bazara ta zagayo, wasiƙa mai layi uku ta zo ana gode mini. Ban ga laifinsu ba, haka tsarin yake, kuma na san shi tun ranar da na karɓi hular.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi duhu. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ba na magana. Idan aka sa kurket a talabijin sai in bar ɗakin. Barci ya ƙaurace mini, sai in tashi ƙarfe uku in sa kaset ɗin Malam a mota in zauna ina ji har asuba. A wurinmu namiji ba ya cewa yana cikin damuwa, sai a ce ya yi tawakkali, ni ma haka nake gaya wa kaina alhali ina nutsewa. Matata ce ta gaji ta sami limamin masallacinmu, shi kuma, Allah ya saka masa, bai tsaya ga nasiha ba. Ya ce in yawaita yi wa Malam addu'a da sadaka, in riƙe mahaifiyata da kyau tun tana raye, kuma in je in ga likita, don wannan ma ciwo ne. Na je. Na yi wata shida ina zuwa ana tattaunawa da ni, a nan na fara furta wa wani mahaluki cewa akwai kujera ranar Lahadi.

Daga 1997 na mayar da hutuna gida. Duk Disamba ina Zariya, ina zaune a tabarma a ɗakin Inna, ko da ba mu da abin cewa. Haka muka yi har ta rasu a 2011, kuma a wannan karon ina riƙe da hannunta.

Ɗana ne ya mayar da ni fili. A bazarar 2005, da Ingila ta karɓe kofin da take takara da Ostireliya bayan shekara 18, duk yaran unguwa suka kamu da kurket, ya zo da ƙwallon roba ya ce, "Baba, an ce ka iya." Na ɗora masa yatsu a kan ɗinkin kamar yadda aka ɗora mini. Daga nan na fara koyar da yara a kulob, yawancinsu 'ya'yan 'yan Pakistan da Bangaladash, ina kuma tattara tsofaffin kulake da kayan kariya in kai makarantu a gida. A Nuwamban 2021, da Azeem Rafiq, tsohon ɗan wasan kurket na Yokshaya, ya zauna gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya yana bayyana wariyar da ya sha, na kalla ina hawaye, don wasu kalmomin na san su, na kuma haɗiye su da murmushi don kada in rasa gurbi. A Janairun 2025 kuma, da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Maleshiya, na yi ta kiran mutane a waya kamar yaro. Ina son wasan nan har gobe. Ba shi ya zaɓi Alhamis ba.

A bazarar da ta wuce muna da wasan kusa da na ƙarshe na matasa ranar Asabar. Da safe na ga babban mai jifanmu, yaro ɗan shekara 18, a bayan rumfa yana ta duba waya. Na tambaye shi, ya ce kakarsa ce da ta raine shi take asibiti a wani gari mai nisan awa uku, an ce dangi su zo, amma zai tafi da yamma bayan wasa. Ya ce, "Kawu, awa shida ne kawai."

Na zaunar da shi a kan benci na ba shi labarin nan, wanda ko 'ya'yana ban taɓa ba su shi cikakke ba. Na karɓi ƙwallon daga hannunsa, na ba mataimakina takardar sunaye, na ɗauko mota na kai shi tashar jirgin ƙasa. Ya same ta da rai, ta gane shi, ta rasu ranar Litinin. Mu kuma a ranar da mutum goma muka buga.